Karen Doreen

A Sheffield, can saman tudun Walkley,
inda gidaje suka haɗa kafaɗa kamar sahu,
nake kula da wata tsohuwa, Doreen.
Shekara tamanin da uku.
Shayi da madara, sukari cokali biyu,
da kare ɗaya.

Biskit sunansa.
Yana da rigar ruwa, yana da bargo,
yana da likitan da ya san ranar haihuwarsa.
Ni tawa sai da fasfo ya yanka mini.
Abincinsa a gwangwani, an rubuta naman zomo,
zomon da ya ci bai ci gudu ba.

Ran Laraba na buɗe ƙofar baya zan shanya tawul.
Ruwa ya ɗauke, ciyawa na sheƙi.
Wani kurege mai ruwan toka ya diro daga katanga,
ya zo satar gyaɗar tsuntsaye,
ya zauna daram yana ci da hannu biyu
sai ka ce shi ke biyan kuɗin haya.

Sai na ji shiru a gefena.
Ba shirun barci ba.
Ƙafa ɗaya a ɗage, kunne a miƙe,
wutsiyar da ke yi wa kowa maraba ta sandare.
Na san wannan tsayuwar.
Na gan ta ina 'yar shekara tara, a bakin dajin Kamuku,
a jikin Guguwa, karen Kawu Jatau,
wanda haƙarƙarinsa ke ƙirguwa daga nesa,
wanda bai taɓa kwana a ɗaki ba.

Kafin in ce kwabo
bargo da gwangwani da likita duk sun zube a ƙasa.
Tukunyar fure ta kife.
Girgiza ɗaya. Biyu.
Shi ke nan.

Ya ɗauko shi a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai,
ya ratsa kicin da sawun laka,
ya ajiye a kan silifas ɗin Doreen,
ya zauna yana jiran tukuici.

Ta dafe baki.
Ta ce bai taɓa ba, yaron kirki ne,
wa ya koya masa?
Na buɗe baki na rufe.
Da wane Turancin zan ce mata hali zanen dutse?
A wurinmu da tuni an yanka masa kasonsa,
kai da kayan ciki,
an shafa wuyansa an ce ya yi.

Na ɗauki shebur ɗin marigayi mijinta
na binne kuregen a gindin tuffa.
Da ɗuminsa. Gyaɗa na nan a kuncinsa.
Wannan ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba.

Da magariba Doreen ta manta.
Ta tambaye ni sau uku ko Alf ya dawo daga aiki,
Alf da ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙasa.
Ta ce in ƙara gyaɗa a waje,
akwai wani ɗan kurege da ke zuwa.

Na ƙara.

Ita abin da ta rayu da shi yana zube mata
kamar gero daga hujajjen buhu.
Shi abin da ba wanda ya nuna masa
yana nan cif, ko ƙwaya bai ɓace ba.
Ni kuma ga ni a tsakani da tawul a hannu,
ina lissafin abin da ya rage mini na gida.

Yanzu ga shi can a ƙofar gilashi,
numfashinsa na yin hazo yana gogewa,
idonsa na kan katanga.
Ni da ba na bari yawunsa ya taɓa zanena,
na duƙa daidai kunnensa,
na yi masa kirarin Guguwa ƙasa-ƙasa,
iyakar abin da na tuna, layi biyu da rabi.

Bai juyo ba.
Kunne ɗaya dai ya motsa.